Yadda Ake Raya Furen Takarda na Fadamun Ostireliya

A fadamun kudu maso gabashin Ostireliya, musamman jihohin Biktoriya da Tasmaniya, akwai wani fure rawaya da masana ke kira Xerochrysum palustre. In ka shafa shi da yatsa sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar takarda, kuma ko an tsinke shi launinsa ba ya gushewa. Tsayinsa kan kai mita 1. Yau ya yi ƙaranci, domin an janye ruwan fadamu da yawa an mai da su gonaki da wuraren kiwo, har aka sa shi cikin tsirran da ke fuskantar barazana a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta ƙasar ta 1999. Shi ya sa masu renon tsirrai suke raya shi su mai da shi mazauninsa.

Da tara iri ake farawa, kuma ba a ɗiba a daji sai da izinin hukuma. Furen yana buɗewa tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin zafinsu ke nan. Sai an jira tsakiyarsa ta bushe ta yi gashi-gashi, sannan a kakkaɓe 'ya'yan cikin jakar takarda. Leda ba ta yi, tana riƙe danshi irin ya ruɓe.

A nan ne ake bukatar lura sosai. Tsiron yana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, saiwarsa na tafiya tana fitar da sabbin kawuna. Sai ka ga fili cike da fure ka ɗauka tsirrai ne masu yawa, alhali wataƙila duk gindi ɗaya ne. Don haka ake tara iri daga wurare masu nisa da juna. Raba saiwa a dasa ya fi sauƙi da sauri, amma abu guda kake ta maimaitawa. A ganina wanda ke son ceto shukar kada ya dogara da wannan kaɗai.

Wajen shuka, a barbaɗa irin a saman ƙasa mai laushi cikin tukunya, a danna kaɗan. Kada a binne, yana son haske. Maimakon a riƙa zuba ruwa ta sama ya kwashe 'ya'yan, sai a ajiye tukunyar cikin faranti mai ruwa ƙasar ta tsotsa ta ƙasa. In suka yi ganye suka yi ƙwari, a raba kowanne tukunyarsa.

Wurin dashe shi ne rabin aikin: fili mai rana, ƙasa mai laka, inda ruwa ke kwanciya lokacin sanyi ya janye da zafi. A kewaye shi da shinge saboda dabbobi, a dinga cire baƙin ciyayi kafin su danne shi. In fadama ta ƙafe ka ga kara ya bushe, kada ka tuge. Saiwar tana nan da ranta, ruwa na dawowa za ta toho.