Dokokin Kayar da Bishiya da Inji: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Injin yankan itace ya rage wa mutane wahalar gatari, amma bai san mai shi ba. Sarƙarsa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma yadda take cin madaci haka take cin ƙafa. Yawancin raunin da ake ji a daji, da yawancin katakon da ake asara, tushensu gaggawa ne. Yankan da ke tsare ran ofareta shi ne kuma yake fitar da gungume lafiyayye. Ga dokokin, kuma babu ta wasa a cikinsu.

ABIN DA ZA A YI

1. Nemi izini tukuna. Je wurin malamin daji ka karɓi takarda, ka kuma sami yardar mai gona ko mai gari. Akwai itatuwan da doka ta sa wa ido, irin su madobiya, wadda aka yi wa kisan kiyashi a dazukan Taraba don kaiwa ƙasar Sin, har ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES a 2017.

2. Sa kayan kariya komai zafin rana: hular kwano, tabarau ko ragar fuska, abin toshe kunne, safar hannu, wandon da ke sarƙe sarƙa idan ta taɓa shi, da takalmi mai ƙarfe a baki. Ƙarar injin tana wuce desibel 100, alhali kunne yana fara lalacewa daga 85. Kurumtar da ƙara ta jawo ba ta warkewa.

3. Duba inji kafin ka tayar. Wasa sarƙa da magagari, ɗaure ta daidai, gwada birkinta. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya. In ka ga gari mai laushi, ta dakushe. Haɗa fetur da mai yadda kamfanin ya tsara. A yawancin injinan Stihl da Husqvarna awon 50 da 1 ne, wato mililita 100 na man haɗi a lita 5 ta fetur.

4. Zagaya bishiyar ka karance ta. Ina ta karkata? Wane ɓangare ne rassa suka fi nauyi? Ina iska ta dosa? Ɗaga kai ka nemi busasshen reshe, domin girgizar inji kaɗai tana iya sako shi a kanka. Ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari ka ji ko gara ta cinye cikinsa. Leƙa kogo ko akwai ƙudan zuma.

5. Share hanyar gudu guda biyu, a bayan bishiyar, kowace a karkace zuwa gefe kamar digiri 45. Cire ƙaya da duwatsu da jarkar mai daga kansu.

6. Kori kowa zuwa nisan da ya kai tsawon bishiyar sau biyu. Yaran gari, masu tsintar itace, makiyayi da dabbobinsa, har mai aikin da ya biya ka, duk su ja baya. Ɗaga murya ka yi gargaɗi kafin yankan ƙarshe.

7. Yi yanka uku bisa tsari. Biyun farko su ne baki: ka fafe shi a ɓangaren da kake so ta faɗi, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindi, kuma yankan sama da na ƙasa su haɗu cif. Na uku daga baya yake zuwa, a miƙe, sama da ƙasan bakin da santimita 3 zuwa 5. Tsakaninsu ka bar mariƙi, wato naman itacen da ba a yanke ba, kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin. Gindi mai santimita 60 yana son baki mai zurfin 15 da mariƙi mai kaurin 6. Wannan mariƙin shi ne linzamin bishiya: muddin yana nan, inda ka nuna mata za ta bi.

8. Sa weji na roba ko na alminiyam a yankan baya tun da wuri, don kada bishiyar ta zauna a kan ƙarfen injin. Da ta fara tafiya, zare inji, sa birki, bi hanyarka, idonka yana sama.

9. Yanka ƙasa-ƙasa. Gindi ne ya fi kauri, nan katako mafi tsada yake, kuma duk taƙin da ka bari a kututture kuɗi ne ka bar wa gara. Auna gungume da tef kafin ka datsa, ka ƙara ɗan rara saboda tsagewar baki, ka sa datsar ta faɗa kan gwiwa ko ruɓa.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada ka yanka da tsinin ƙarfen sarƙa, musamman gefensa na sama. In ya taɓa itace, injin yana tsalle ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido. Riƙe da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba, jikinka kuma ya kauce wa layin sarƙar.

2. Kada ka yanke mariƙin bishiya gaba ɗaya. Daga lokacin ba ka da iko da ita, tana iya juyawa ta faɗo ta kowane gefe.

3. Kada ka kayar da bishiya mai karkata sosai da yankan baya kawai. Gangar jikinta tana tsagewa a tsaye, gindin ya yi sama ya doki mai yanka, gungumen kuma ya tashi a banza. Irin wannan aikin ƙwararre ne, a bar masa.

4. Kada ka shiga ƙarƙashin bishiyar da ta maƙale a jikin wata. Kada ka hau ta, kada ka sare wadda ta tare ta, kada ka tafi gida ka bar ta a rataye. A jawo ta da igiya ko tarakta daga nesa.

5. Kada ka datsa gungume ba ka gane inda ya danne da inda ya miƙe ba. Fara ɗan yanka a gefen da ya matse, ka ƙarasa daga gefen da ya ja. A kan gangare, tsaya ta sama.

6. Kada ka ɗaga inji sama da kafaɗa, kada ka yanka daga kan tsani, kada ka tayar da shi a iska kana wurga shi ƙasa. Ajiye shi a ƙasa, taka mariƙin baya, sannan ka ja igiya.

7. Kada ka zuba mai inji yana aiki ko da taba a bakinka. Matsa mita 3 daga inda ka zuba kafin ka tayar. Kada ka shayar da sarƙa tsohon baƙin mai, yana cinye famfo da ƙarfe.

8. Kada ka yi aiki kai kaɗai, ko cikin iska mai ƙarfi, ko bayan duhu ya fara, ko da gajiya. Kada ka sha ƙwaya don ƙarin ƙarfi, hankali take ɗaukewa. In an ji rauni, danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a nufi asibiti. Ba a zuba ƙasa ko mai a ciwo.

9. Kada ka tsaga katako da wannan inji in akwai injin tsaga a kusa. Hanyar da sarƙa ke ci ta ninka ta siririn zarto, don haka rabo mai yawa na gungumen yana zama gari. Ɓarna irin wannan tana cikin dalilan da suka sa Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da shi tun 1998.

10. Kada ka taɓa ɗorawa, kaɗanya, tsamiya ko gawo mai rai don kuɗin yini ɗaya, kuma kada ka sare ƙaramar da ba ta kai ba. Turare da darbejiya suna sake toho in an yanke su da kyau, amma madaci da kawo sai an jira shekaru masu yawa.

Kai mai inji, ran yaron da ka ɗauka aiki amana ne a wuyanka: saya masa kayan kariya, ka koya masa kafin ka miƙa masa inji. Kai kuma ofareta, duk aikin da ba za a iya yi bisa waɗannan dokoki ba, ka ƙi shi, ko nawa aka ce za a ba ka. Allah ya tsare.