Yadda Ake Ƙara Wake da Ganye a Ɗakin Cin Abincin Ɗalibai

Yaron da ya tashi a Tibati ya tashi tsakanin shanu da kifi. Makiyaya sun kewaye garin, kuma tun da aka gina madatsar Mbakaou a kan kogin Djerem a 1969, kifi bai yanke a kasuwa ba. Idan irin wannan yaro ya gama sakandare ya tafi Jami'ar Ngaundere da ke Dang, ko Jami'ar Marwa, ko sabuwar Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, yana tafiya ne da abin da ya saba: kwanon da babu tsoka a kai, an cuce shi. A can kuma, kuɗin da ake ware wa ɗakin cin abinci, wanda ɗalibai ke kira resto, ba ya isa a ba kowa nama mai auki kullum. Sai a ƙare da tulin shinkafa ko tuwon masara, da miya tsululu, da ɗan yanki ɗaya yana yawo a ciki. Ciki ya cika, jiki bai samu ba.

Maganin wannan yana cikin gonakinmu. Wake, waken soya, gyaɗa, zogale, yakuwa, kuka, tafasa, duk arewacin Kamaru na noma su ko tsinko su. Ga yadda shugaban kicin, ko ƙungiyar ɗalibai da ke son ganin gyara, za su bi.

Mataki na farko: ku fara da masu girki

Kada a rubuto sabon tsarin abinci daga ofis a miƙa wa matan da ke gaban tukunya. Ku zauna da su. Su suka san tukwane nawa ake da su, icen da ake ci a rana, da ƙarfe nawa injin markaɗe ke buɗewa. Ku tambaye su wace ce ta iya alale, wace ce ta iya awara. Sannan a sa mutum ɗaya ya tsaya wurin mayar da kwanuka na mako guda, yana rubuta abin da ake ragewa da abin da ake suɗewa. Wannan takarda ita za ta nuna muku inda za ku sa ƙafa.

Mataki na biyu: ku zaɓi girki uku kawai

Uku sun isa a zangon farko. Ƙa'idar zaɓen ita ce a haɗa hatsi da dangin wake a kwano ɗaya, domin abin da furotin na masara ko shinkafa ya rasa, wake na da shi, abin da wake ya gaza a kai kuma hatsi na cikewa. Iyayenmu sun daɗe suna yin haka a shinkafa da wake, da ɗanwake, da koko da ƙosai.

Ga lissafin da za ku nuna wa mai riƙe da kuɗi. Busasshen wake giram 100 na ɗauke da furotin kusan giram 23, gyaɗa kusan 25, waken soya sama da 35. Ɗanyen naman shanu mai wannan nauyi kusan giram 20 yake da shi. Idan kowane ɗalibi zai samu giram 80 zuwa 100 na busasshen wake, ɗalibai 100 na bukatar kilo 8 zuwa 10. A je kasuwa a kwatanta kuɗin wannan da kuɗin kilo 10 na nama, sai a bar sefa ta yi magana.

Ni da za a tambaye ni, zan zaɓi shinkafa da wake da mai da yaji da yankakken kabeji. Tuwon masara da miyar gyaɗa da yakuwa, wadda mutanen nan ke kira folere. Sai awara a cikin miyar tumatir. Awara ce ta fi ɗaukar hankalin matasa, don tana da abin taunawa. Ana jiƙa waken soya ya kwana, a wanke, a markaɗa, a tace da ƙyalle mai tsabta. A ɗora ruwan a wuta ya tafasa sosai, don ɗanyen soya na ɓata ciki. Sai a riƙa zuba ruwan tsami na kamu, ko na tsamiya, kaɗan-kaɗan har ta dunƙule ta taso sama. A kwashe a ƙyalle, a sa gishiri da attarugu da albasa, a ɗaure, a danne da abu mai nauyi ruwan ya tsane. A yanka, a soya, sannan a jefa cikin miya ta ɗan sha. Awarar da aka yi da safe a cinye ta a ranar, sai fa in akwai firji mai aiki.

Mataki na uku: ku saya da kaka, ku adana da kyau

Nan ne yawancin shiri ke rushewa, don haka zan daɗe a kai. Wake na araha bayan girbi, daga Nuwamba zuwa Janairu, ya yi tsada idan damina ta shigo. Kicin da ke sayen mudu-mudu kowane mako ba zai ga ribar komai ba. A sayi buhuna lokacin kaka, kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma in da hali. Amma wake na da abokin gaba, wato ƙwaron da ke huda shi ya mai da buhu gari cikin 'yan watanni. Wasu 'yan kasuwa na zuba masa maganin ƙwari, kuma wannan ba abin da za a ba 'ya'yan mutane ba ne.

Abin alfahari shi ne, hanyar da ta fi kyau a nan gida aka gano ta. A ƙarshen shekarun 1980, masu bincike na Kamaru da na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi aiki a Marwa kan adana wake ba tare da magani ba, kuma daga aikin nan ne aka samu buhun da yau ake kira PICS. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe ƙayau, a zuba a ledar ciki, a matse iska, a ɗaure. A ɗaure ta biyu daban, a ɗaure na waje daban. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. A jera buhunan a kan katako, nesa da bango, a tsare su daga ɓera, don huda ɗaya ta ɓata aikin. Buhun da aka buɗe a ƙarar da shi kafin a taɓa wani.

Gyaɗa da masara kuma danshi ne matsalarsu, kuma damina a Adamawa doguwa ce, tana kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba. Idan suka yi fumfuna suna iya ɗaukar gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa. A tsince duk ƙwayar da ta motse, ta canza launi ko take ɗaci, a zubar, kafin a kai markaɗe.

Mataki na huɗu: ganye duk shekara

Da damina ganye ya wadata. A sayi zogale da yakuwa da tafasa da lalo da yawa, a wanke, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, don rana kai tsaye na rage amfaninsu. A adana don rani. In akwai fili bayan kicin, a dasa layin zogale. Yana saurin girma kuma ba ya son wahala. A Ngaundere akwai makarantar ENSAI da ke koyar da sarrafa abinci. Ɗalibanta na neman batun bincike kowace shekara, ga batun adana ganye a ƙofar ajinsu.

Mataki na biyar: ɗanɗano da suna

Ɗalibi ba ya cin lissafin furotin, daɗi yake ci. Daddawa, soyayyiyar albasa, citta, tafarnuwa da garin ƙuli-ƙuli su ke ba miya nauyin da nama ke bayarwa. A jiƙa wake tun dare don ya yi saurin nuna, ice ya ragu, kumburin ciki ma ya ragu. Kanwa kaɗan ta isa, yawanta na kashe bitamin B1. A yanka lemon tsami ko tumatir ɗanye a gefen kwano, domin bitamin C na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, abin da 'yan mata suka fi bukata. Shayi kuwa a jinkirta shi zuwa bayan awa guda, don yana rage wannan ɗauka.

Kada ku liƙa sanarwa cewa yau babu nama. Duk wanda ya karanta zai ce an cinye kuɗinsa ne. A rubuta sunan girkin kamar yadda aka san shi a gida, a ajiye shi gefen na kullum, a sa shi farkon layi, a cika kwano. Ranar farko a ba da ɗanɗano kyauta.

Mataki na shida: kada a kori kifi da nono

Bitamin B12 babu shi a wake ko ganye. Don haka kuɗin da aka rage a kwanakin wake a mai da shi kan kifi, ƙwai, kindirmo ko nama na ƙwarai a sauran kwanakin. Busasshen kifin Mbakaou na jure tafiya da ajiya, kuma kaɗan daga cikinsa na gyara babbar tukunya.

Bayan wata guda a sake tsayawa wurin mayar da kwanuka da takarda a hannu. Girkin da ake suɗewa a ƙara masa rana, wanda ake ragewa a tambayi ɗalibai dalili, a gyara ko a sauya shi da ɗanwake ko alale. A liƙa lissafin kuɗin a ƙofar ɗakin: nawa aka kashe a wake, nawa aka rage, nawa ya tafi kan kifi.