Ganuwar Uwar Garke: Yadda Ake Tare Adireshin da Ba a So

Kowace kwamfuta da ke kan intanet tana da lambar da ake gane ta da ita, wato adireshin IP. A tsarin IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 203.0.113.7. Ita kuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin makaranta ko sakamakon jarrabawa, ba ta samun sukuni: dare da rana wasu na'urori na ƙwanƙwasa ƙofofinta, musamman ƙofa ta 22 wadda mai kula da ita ke shiga ta nan, suna ta gwada kalmomin sirri ko a dace.

Abin da ke tare su shi ake kira ganuwar tsaro. Aikinta irin na sarkin ƙofa ne: ta dubi inda saƙo ya fito da ƙofar da ya nufa, sannan ta bar shi ko ta hana shi. A Linux akwai manhajar iptables tun 2001, sai nftables ta biyo baya a 2014. Ga misalin doka guda:

iptables -I INPUT -s 203.0.113.7 -j DROP

Ma'anarta, duk abin da ya zo daga wannan adireshi a yar da shi ba tare da amsa ba. To amma ɗalibi ya lura da harafin I. Daga sama ganuwa ke karanta dokokinta, kuma wadda ta fara dacewa da saƙo ita ke yanke hukunci. Harafin I kan ɗora doka a sama, A kuwa kan jefa ta can ƙasa, inda wata dokar izini za ta iya riga ta, aikin ya tashi a banza.

Sai dai fa adireshi ba mutum ba ne. Tun da hukumar IANA ta raba ragowar adireshin IPv4 a Fabrairun 2011, kamfanonin waya da dama kan tara ɗimbin masu hulɗa da su a bayan adireshi guda. Ka tare ɗan fashi ɗaya, ka haɗa da ɗaliban da suka zo duba sakamakonsu. A ganinmu, tarewa ta ɗan lokaci ta fi. Haka manhajar Fail2ban ke yi: a saitinta na asali, wanda ya kuskure kalmar sirri sau 5 cikin minti 10, sai ta rufe masa ƙofa na minti 10.

Malamin da zai gwada wannan a aji daga nesa, ya fara rubuta dokar da ta bai wa adireshinsa izini, don kada ganuwar ta bar shi a waje.