Shirin haihuwa tun ciki bai tsufa ba

Magidantan unguwar Ladjifarani a Parakou, naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Tun ciki na wata bakwai ku riƙe lambar mai mota amintacce, domin babur ba abin ɗaukar mai zubar da jini ba ne. Ku ware kuɗin mai, ku nemi ɗan'uwan da zai ba da jini.

Tun 2009 gwamnatin Benin ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa a asibitocin da ta amince da su, don haka tsoron kuɗi kada ya sa a tsaya jiƙe-jiƙe. Idan mai ciki ta samu ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska ko jijjiga, a wuce babban asibitin Parakou. Magidantan ƙauyukan Djougou kuwa, uwargida ta koma gidan dangi cikin gari kafin watanta ya kama, musamman da damina.