Darasi na Tara: Auna Nasarar Tallafi ga Marayu da Masu Ɗauke da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

Gabatarwa

An fara samun rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar. Hukumar NACA ke jagorantar yaƙi da cutar a ƙasa, KADSACA kuma a Jihar Kaduna. Ana kuma tallafa wa marayu da masu jinya. To, yaya za a gane tallafin ya yi amfani?

Ma'aunin Nasara

Ba a auna shiri da yawan buhunan hatsi ko kayan makarantar da aka raba, sai da canjin da ya kawo. Misali, idan an tallafa wa marayu a Kawo ko Unguwar Rimi, mai aunawa zai duba:

1. Shin yaran sun ɗore a makaranta har ƙarshen zango?
2. Shin masu karɓar magani a asibiti, kamar na Barau Dikko, suna sha kullum ba fashi?
3. Shin tsangwama ta ragu, wadda dokar 2014 ta haramta?

Rawar Malami

Rajistar aji babbar shaida ce, domin ita ke fara nuna yaron da ya daina zuwa. Sai dai wajibi ne malami ya riƙe sirrin ɗalibinsa, don tonon asiri kan kori yaro daga makaranta.

Aiki

Tsara tambayoyi biyar da za ka yi wa mai riƙon maraya ba tare da ka muzanta shi ba.