Taƙi Ɗaya na Ruwan Teku

Ranar Juma'a, muna zaune a ƙofar gidanmu a Ƙofar Galadima, Baffana ya ce, "Kai ɗan nan, mu da muke Zazzau, ina ruwanmu da teku?" Na buɗe hannu na nuna masa taƙi ɗaya. Na ce, "Baffa, kusan wannan ruwan tekun duniya ya hau daga 1901 zuwa 2018, santimita 20." Ya ce ai wannan bai kai abin damuwa ba.

Ga Zariya, da ke sama da mita 600 bisa teku, gaskiyarsa. Amma 'ya'yansa biyu suna kasuwanci a Legas, ɗaya har yana cinikin fili wajen Lekki.

Aikina hasashen tsayin ruwa ne a gaɓar Afirka ta Yamma. Muna haɗa awon taurarin ɗan'adam, waɗanda ke auna doron teku tun 1992, da na ma'aunan bakin gaɓa irin tsohon ma'aunin Takoradi a Gana, mu ɗora wa kwamfuta ta lissafa. Dalilan hawan sanannu ne: ruwa in ya yi ɗumi kumbura yake yi, ga ƙanƙarar Girinlan da Antaktika tana narkewa. Tsakanin 2006 da 2018 hawan ya kai kusan milimita 4 a shekara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, tauraro ruwa yake aunawa, alhali a sassan Legas ƙasar kanta nutsewa take yi, saboda yawan rijiyoyin burtsatse da gini kan yashin da aka cike fadama da shi. Sai kuma ranar da abubuwa suka haɗu: cikowar teku takan fi ƙarfi wajen tsayuwar wata da daren sha huɗu, in mamakon ruwan Yuli ya zo daidai lokacin, kwalbati ba ta da inda za ta zubar, sai ruwan ya dawo shago. Taƙin nan kan wannan yake hawa. Mutanen Ayetoro a jihar Ondo sun ga haka da idonsu, teku ya cinye musu tituna da gidaje.

Shi ya sa na roƙi Baffa ya kira Yaya, ɗan nasa mai cinikin fili a Lekki, a waya. Kafin ya biya kuɗin filin, ya sa mai safiyo ya auna masa tsayinsa daga teku, ya kuma je da kansa cikin damina ya duba inda ruwa ya bar zane a bangon maƙwabta.