Yoyon Mesar Masai: Kafin Ka Ɗaura Roba Ko Ka Ɗauki Sufana

Cikin kiran da ake yi mana mu masu aikin famfo, wanda ya fi yawa daga gidaje masu masai na zama shi ne, "Malam, ƙasan banɗakinmu ya ƙi bushewa." Galibi matsalar tana wurin 'yar mesar nan da ke ɗauko ruwa daga bango zuwa tankin masai. Gyaranta ba wuya, amma kafin mu iso akan riga an ɓata ta da ɗauri da matsa.

Ku fara sanin yadda abin yake. A jikin bango akwai makunni, wanda muke kira angul bawul. Daga shi mesa ta tashi, mai saƙar ƙarfe a waje da roba a ciki, ta shiga ƙasan tanki ko gefensa, inda bawul mai balan-balan yake tsayar da ruwa in tanki ya cika. A yawancin gidajenmu bakin mesar rabin inci ne. Cikin kowane noti na bakinta akwai baƙar washa ta roba, kuma wannan washar ce ke tare ruwa. Aikin noti kawai ya danne ta ta zauna daidai.

Kada a raina ɗigon. Ɗigo 20 ne ke cika mililita ɗaya, don haka ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa ya haura lita 4 a yini, wajen lita 130 a wata. Jarka biyar ke nan ta 'yan garuwa mai lita 25, har da ɗoriya. Ruwan kuma yana bin tsakanin tayil ya shiga siminti, fenti ya kumbura a ɗakin da ke maƙwabtaka, in bene ne silin ƙasa ya yi taswira. Uwargida kuma kullum tana cikin kokwanto ko najasa ce ta taka. Ruwan mesa dai mai tsabta ne, bai kai ga masai ba tukuna. Wanda ke fitowa daga gindin masai bayan an kora, wannan wani ciwon ne daban.

Kafin a taɓa komai, a gano inda yake fitowa. A goge tanki da mesa da makunni su bushe ƙayau, sannan a bi su da busasshen tishu daga sama zuwa ƙasa. Ruwa gangarowa yake yi, saboda haka wuri mafi tsayi da ya jiƙa tishu, nan ne tushen. Da damina tanki kan yi gumi in ruwan ciki ya fi iskar banɗaki sanyi, wannan ba yoyo ba ne.

In an gano a bakin mesa ne, a murɗa makunni ta hannun dama har ya tsaya, a kora ruwan tanki, a ajiye robar tarar ruwa a ƙasa, a kwance notin. Za a tarar washar ta bushe, ko ta tsage, ko yashin rijiyar burtsatse ya maƙale a kanta. A sa sabuwa. A fara ɗaura notin da hannu, a tabbata ya hau tiredi a miƙe, domin wuyan bawul ɗin tanki galibi na roba ne, in noti ya hau a karkace zai cinye tiredin. In hannu ya gaji, sai a ƙara kwatan zagaye da sufana, ana riƙe da bawul ɗin kada ya juya a cikin tanki. A buɗe ruwa a hankali, a sake gwadawa da tishu, a kuma dawo bayan awa guda a duba.

Ga abin da nake roƙon maigida ya daina. Na farko matsa: mutum ya ga ɗigo sai ya ƙara ƙarfi, washa ta murƙushe, noti ya tsage. Tsagar ba ta nuna kanta nan take, sai dare ya raba ta buɗe. Na biyu farin tef: wurinsa inda makunni ya shiga fayif ɗin bango ne, inda babu washa. In aka naɗa shi a bakin mesa, hana notin isa ga washar yake yi. Na uku robar taya da leda da gam: ɓoye ɗigon kawai suke yi, tsatsa na ci a ƙarƙashi.

Mesar da ta yi tsatsa, ko ta kumbura, ko saƙarta ta fara warwarewa, ba ta gyaruwa, sauyawa ake yi. A tafi kasuwa da tsohuwar don a dace da tsawo, a ɗauki wadda za ta ɗan yi lanƙwasa ba tare da ta karye ko ta miƙe tsam ba. Hajiya kuma a kula wajen wanki, sinadarin bilic na cin saƙar ƙarfen nan in yana zuba a kanta.

Sai ƙarfin ruwa. Kowace mita 10 ta tsayin tankin sama tana ba da kusan "bar" ɗaya a ma'aunin matsin ruwa, kuma gidan da inji ke tura ruwa kai tsaye cikin fayif ya fi haka. A irin waɗannan gidaje mesar tsarki da ke gefen masai ta fi saurin fashewa, domin ana barin ta cikin matsi dare da rana. A riƙa rufe makunninta bayan an gama.

In makunnin ya ƙi rufewa, ko ruwan daga cikin bango yake tsattsafowa, a rufe babban bawul na tankin sama a kira mai aikin famfo. Kada a tilasta makunnin. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, don in gwiwar fayif da ke cikin bango ta tsage, sai an fasa tayil. Yau kowa ya shiga banɗakinsa ya murɗa makunnin nan ya ga ko yana rufewa, ya kuma nuna wa mutanen gida inda yake. Allah Ya sa mu dace.